Buhun Yashin Delia

Tun kafin a rufe makaranta aka kai Delia ofishin Misis Pruitt domin a yanke abin da za ta yi da dogon hutunta. Shekararta goma sha huɗu, bana za ta shiga babbar sakandare, jami'a kuwa da sauran tafiya. Amma a unguwarsu, a can New Jersey, yaron da bai fara shirin jami'a a wannan shekarun ba ya makara, sai dai a riƙa yi wa uwarsa kallon tausayi a wurin ajiye motoci.

Aikin Misis Pruitt ke nan. Iyaye su biya ta, ita kuma ta nuna musu yadda za a sassaƙa yaro har manyan jami'o'in nan masu korar kusan duk wanda ya nema su ga ya yi musu. Ta zaunar da Delia a tsakiya, Momi a dama, Dadi a hagu, ta dube ta ta saman tabarau.

"To 'yammata, me kike so ki yi da hutun nan?"

Delia ta kalli takalminta. "Ina so in je wurin kakata Nana, bakin teku."

"Ki yi me a can?"

"Ba komai. In zauna da ita."

Su ukun suka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa yaro in ya ce zai auri kakarsa. Momi ta shafa mata kai.

"Ba komai ba ya shiga takardar neman jami'a," in ji Misis Pruitt. "Me take da shi a hannu?"

"Tana kaɗa goge tun tana 'yar mitsitsiya," in ji Dadi.

"Mista Vandermeer, kowace yarinya a layinku tana kaɗa goge."

"'Yar maƙwabtanmu ta je wata ƙasa bara ta yi wa makarantar talakawa fenti," in ji Momi.

"An daina yayinsa. Jami'o'in sun gane bango ɗaya ne yaran ke ta shafawa."

"Lissafi fa? Tana ƙoƙari," in ji Dadi.

"Ita ce ta ɗaya a jihar?"

Ba ita ba ce. Misis Pruitt ta cire tabarau ta ce wa Delia ta miƙe tsaye. Ta miƙe. Ta ce ta juya. Ta juya. Sai fuskar matar ta washe kamar wadda ta tsinci abin da ya ɓace mata.

"Kun san tseren kwale-kwale? 'Yammata takwas ƙarti suna tuƙi, sai ɗaya 'yar ƙarama a wutsiyar jirgin tana riƙe da igiyar juyawa, tana ba su umarni. Direba ke nan. Kowace babbar jami'a tana da jirgi, kowane jirgi sai da direba, iyaye kuma ba su farga ba tukuna. Abin da ake nema ƙanƙanta da rashin nauyi. Ku dube ta. Da shi aka haife ta."

Momi ta kamo hannun Dadi. Ba a sake ta da maganar bakin teku ba.

Abin mamaki, kogin ya karɓi Delia. Da sassafe Momi ke sauke ta a rumfar jirage, ruwa a kwance, tururi yana tashi a kansa. Jirgin dogo ne siriri kamar allura. Masu tuƙin duk baya suka ba inda za a je, ita kaɗai ke ganin gaba. Aka ɗaura mata makirfo a kai, sai muryar nan tata da ko a aji sai malami ya ce ta maimaita ta koma tana fita ta lasifika a ƙarƙashin kujeru. Ta ce su ja, suka ja. Ta ce su tsaya, suka tsaya. A rayuwarta ba a taɓa yin abu don ita ta faɗa ba.

Wadda ke zaune daf da ita suna fuskantar juna sunanta Bridget, ƙatuwa mai jan gashi, ga baki. Ranar farko ta ce, "Ke 'yar tsana, in kika kai mu cikin gada sai na cinye ki ɗanya." Kafin mako ya zagayo ta koma cewa, "Kada wanda ya taɓa min direba." Koci Dwyer ma da ba ya yabon kowa ya ce yarinyar tana da ido, ta san ruwa.

Wata rana a mota Delia ta ce, "Momi, ina son kogin nan." Momi ta kusa hawaye. Tana tsaye a danja ta tura wa Misis Pruitt saƙo.

Sai jikin Delia ya ci amanar gidan. Ya fara girma.

Takalma suka matse ta. Wandon da aka saya mata farkon hutu ya ɗage ya bar idon sawu a waje. Wata safiya Koci Dwyer ya dube ta tana saukowa daga mota ya ce, "Direba, me ake ba ki a gida ne? Kullum sai kin ƙara tsawo." Wasa ya yi, ya wuce abinsa. Amma gilashin motar a sauke yake, Momi kuwa ta ji.

Da yamma a wurin cin abinci ta ce, "Tsawonka ta ɗauko, Russell."

"Ni na aike ta? Ai ƙanwarki ma doguwa ce, Corinne."

"A ƙarshen Agusta za a auna su kafin tsere. Na karanta. Duk direba sai ta hau sikeli."

Dadi mutumin lissafi ne, a banki yake aiki, ba ya son hayaniya. Ya goge baki ya ce, "Tsawo ba yadda za mu yi da shi. Nauyi kuwa ana iya sa masa ido."

Kashegari ya dawo da sabon sikeli ya ajiye a banɗakin Delia. Irin na zamani ne, da ka hau sai ya aika sakamakon kai tsaye zuwa waya. Wayar Dadi aka haɗa. Ya ce ba wani abu ba ne, don dai a san inda ake. Kowace safiya ta hau, in abin ya sauka sai hoton babban yatsa a ɗage ya shigo wayarta daga ofis. In bai sauka ba, ba abin da ke shigowa. Dadi bai taɓa yi mata faɗa ba.

Ba wanda ya taɓa ce wa Delia kada ki ci. Abincin ne ya riƙa ɓacewa da kansa. Fanken ranar Lahadi ya tafi. Taliya ta bi shi. Fizar daren Juma'a aka ce ai dama ba ta da amfani ga kowa. Momi ta ba da sanarwa cewa daga yau duk gidan an koma cin abinci mai gina lafiya, ba Delia kaɗai ba, don kada ta ji an ware ta. Latas, kokwamba, ƙirjin kaza dafaffe ba mai. Dadi ya ci nasa da fara'a yana cewa ya ji jikinsa ya yi sakayau. Motarsa ce dai ta fara warin boga, burodin nan mai nama a tsaki, da soyayyen dankali.

In Delia ta buɗe firji, sai muryar Momi ta taso daga falo, a tausashe.

"Kin tabbata yunwa ce ba ƙishirwa ba? Sau da yawa jiki yana ruɗa su. Sha ruwa ki jira tukuna."

Sai ta sha ruwa ta jira.

Ranar huɗu ga Yuli, bikin 'yancin kan ƙasar, aka yi gashin nama a bayan gida kamar kowace shekara. Nana, mahaifiyar Momi, ta tuƙo tsohuwar motarta daga bakin teku ta zo. Tana shigowa ta tsaya cak da kwanon salak ɗin dankali a hannu.

"Corinne, ina kuka kai rabin yarinyar nan? Sayarwa kuka yi?"

"Mama, girma take yi. Tsawo ne ya ja ta."

"Na haifi 'ya'ya na ga tsawo. Zo nan, Dili, in gan ki." Ta kama hannun Delia, yatsunta biyu suka zagaye shi har da saura. "Kuma rigar sanyi a wannan zafin? Mutane suna narkewa ke kina rawar ɗari?"

Nana ba ta jira amsa ba. Ta ɗauki faranti ta jera masara gasasshiya, ta ɗora nama, ta zuba dankali, ta shafa man shanu har yana gangarowa. Ƙamshin ya daki Delia. Ta miƙa hannu. Ta gefen ido ta hango Dadi a wurin gashi, yana juya nama yana kallon sama.

"Mama, don Allah," in ji Momi, murya ƙasa-ƙasa saboda baƙi. "Masana sun ce ba a tilasta wa yaro cin abinci. Yana sa musu matsala a ƙwaƙwalwa. Ki bar ta ta saurari jikinta."

"Ni ma ina sauraron jikin nata. Daga nan nake jin cikinta yana kuka."

Momi ta juyo. "Delia, kina so? In kina so ki ci, ba mai hana ki."

Delia ta janye hannunta ta sa cikin aljihun riga. "Na ƙoshi, Nana."

"Kin ƙoshi da me? Iska?"

Maƙwabciyarsu da ke tsaye da kofi a hannu ta yi dariya ta ce da ma nata yaran suna da irin wannan kamun kai, su sai cin tsiya. Nana ta dube ta, ta dubi 'yarta, ta ajiye farantin a kan tebur da ƙarfi.

"Ba ni ita mako biyu kawai."

"Atisaye kullum ne, Mama. In ta yi fashi wata za a ba kujerar. Zamaninku daban. Yanzu in ba ka fita daban ba ko kallon takardarka ba sa yi."

"Ai tana fita daban. Ta kusa fita gaba ɗaya."

Tun rana ba ta faɗi ba Nana ta tafi. Bayan ta tafi Momi ta ce tsufa ne, tana ƙaunar Delia amma ba ta san yadda duniya ta koma ba. Daga ranar in Nana ta kira, sai a ce Delia tana kogi ko tana hutawa.

Yuli ya ja. Gashin Delia ya fara bin mataji. Al'adarta da ba ta daɗe da farawa ba ta ɗauke, Momi ta ce haka 'yan wasa suke, ta karanta. Matakalar gidan ta koma dutse, sai ta huta a tsakiya. Da rana in ba kowa sai ta kwanta a kan kafet ta buɗe waya tana kallon mutane suna murza ƙullu, suna yanka burodi mai zafi, suna zuba cuku yana narkewa, tana kallo tana haɗiyar yawu har barci ya ɗauke ta. Hoton babban yatsa kuwa kusan kullum sai ya shigo.

A jirgi Bridget ce ke kallon fuskarta tun daga tashi har dawowa.

"Direba, leɓenki ya yi shuɗi."

"Sanyin ruwa ne."

"Wane sanyi? Ni gumi har cikin kunnena." Da suka fito ta ciro burodi da ayaba daga jakarta ta tura mata. "Ci, ko in danne ki in ɗura miki."

"Na karya a gida."

"Da me?"

"Yogot."

"Kyanwarmu ma ta fi ki cin abinci."

Bridget ta je ta sami Koci Dwyer. Delia tana naɗe igiya tana jin su. Koci ya sosa ƙeya ya ce shi bai taɓa ce wa kowace yarinya ta rage ko loma ɗaya ba, a tambayi kowa. Abin da ake ci a gida maganar iyaye ce, shi iyakarsa ruwa. Iyayen nan kuma mutane ne masu ilimi, sun fi shi sanin 'yarsu.

Ranar ce Delia ta yi ta maza. Suna hanyar gida ta ce, "Momi, in na miƙe tsaye sai in ga duhu."

"Ruwa ne ba kya sha sosai."

"Ina sha."

"To za mu ga likita. Na ma karɓi rana, sai ta faɗa lokacin atisaye, na mayar da ita bayan tsere."

Suka wuce danja ɗaya, suka wuce ta biyu.

"In na daina fa?"

Momi ta sa sigina ta gangara gefen titi ta kashe mota. Ta juyo gaba ɗaya, fuskarta cike da ƙauna.

"Delia, dube ni. Ba wanda ya tilasta miki. In kina so ki daina, yau ma sai ki daina. Ni da Dadinki farin cikinki kawai muke so. Sai dai Misis Pruitt ta ce ba abin da jami'o'in nan suka tsana kamar yaron da ya fara abu ya watsar. Ga 'yammata takwas sun dogara da ke. Kuma ke da bakinki kika ce kina son kogin. Ko ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa."

"To kin gani."

Ta faɗa ɗin kuwa, kuma har yanzu tana son sa. Abin da ya ɗaure ta ke nan. Ta jingina kai da gilashi, Momi ta tayar da mota ta kunna rediyo.

Ranar tsere gari ya waye da zafi. Bakin kogi ya cika da motoci da rumfuna da iyaye masu kujerun naɗewa. Aka tara direbobi a wata rumfa don awo. Delia ko ruwa ba ta sha ba tun jiya da yamma. Layi ya zo kanta ta hau. Matar da ke awon ta dubi sikeli, ta dubi yarinyar, ta ce ta sauka ta sake hawa. Ta sake. Matar ta juya bayanta inda aka tara yashi, ta ɗauki wani ɗan buhu ta fara zubawa da moɗa. Ta ɗora a sikeli, ta ƙara, ta sake ƙarawa, sannan ta ɗaure bakin ta miƙo.

"Ungo. Da shi za ki shiga jirgi."

"Na mene ne?"

"Ba ki kai ba, 'yata. Akwai nauyin da doka ta ce direba ba za ta gaza shi ba, don kada wani jirgi ya fi wani sauƙi. Wadda ba ta kai ba, yashi ke cike mata. Ki ajiye shi kusa da ke, in an gama za a duba. Mai bi!"

Delia ta karɓa da hannu biyu, buhun ya ja ta ƙasa har sai da ta rungume shi a ƙirji. Ta fito rana tana layi. Nauyinsa kamar na jariri mai ƙiba. Tana tafe tana jin sa, fanke ne da taliya da masarar Nana, ga su nan duka an dawo mata da su a buhu.

Momi da Dadi suna jiran ta a bakin rumfa.

"Dadi, ka san da wannan?"

"Mana. Yana cikin dokokin, tun farko na karanta."

"To ai da ban rage ba ma, da daidai nake."

Dadi ya durƙusa ya daidaita tsawonsa da nata, irin yadda littattafan tarbiyya suka ce a yi. "Bana daidai kike. Baɗi fa? Girma kike yi, Delia, ga shekaru a gabanmu kafin jami'a ta dube ki. Wannan yashin ajiya ce muka yi. In kin ƙara tsawo sai a rage yashi. In da tsoka ce, wa zai kwashe ta da moɗa?"

"Ɗaga shi sama in ɗauke ku," in ji Momi, wayarta a ɗage. "Yi murmushi mana."

Bridget da ta zo neman direbarta ta tsaya tana kallon buhun. Ta fizge shi da hannu ɗaya ta yi gaba.

Aka jera jirage, aka busa. Delia ba za ta iya ba da labarin tseren ba. Ta san yashin yana tsakanin ƙafafunta. Ta san gefen idonta ya yi baƙi, sai wata 'yar hanya siririya ta rage a tsakiya, ita ta bi. Muryarta tana fita ta lasifika kamar ta wata. Ku ja. Ku ƙara. Kada wadda ta waiwaya. Hannunta ya san igiyar ko ba ita. Ta shigar da su ƙarƙashin gada a miƙe kamar an ja layi, jirgin da ke gefensu ya ɗan kauce, shi ke nan suka wuce shi. Sai ta ji ƙaho, ta ji ihu daga gaɓa, ta ga Bridget ta kife a kan filafilinta tana kuka tana dariya.

Al'adar 'yan kwale-kwale ce, in jirgi ya ci tsere, masu tuƙi su kama direba su jefa ta ruwa. Suna ajiye jirgi suka yo kanta. Bridget ta ce, "Ku bari, ba ta da lafiya," amma ihu ya danne muryarta. Biyu suka kama hannuwa, biyu ƙafafu, suka lilo ta, suka saki. Ta tashi sama kamar an jefa tawul. Wani uba a gaɓa ya ce bai taɓa ganin direban da ya yi nisa haka ba. Aka tafa. Momi tana gaba-gaba da waya, tana ɗauka tana kiran sunanta.

Ruwan ya rufe. Aka jira kan ya ɓullo, ana dariya. Dariyar ta fara raguwa. Bridget ce ta faɗa da takalmanta.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, aka manna mata wayoyi a ƙirji. Likitar wata mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta tsaya a gindin gadon ta ce ba ruwan kogi ne matsalar ba. Zuciyar yarinyar tana bugawa a hankali fiye da ƙima, jikinta ya fara cin kansa, kuma wannan ba aikin kwana biyu ba ne. Ba kwale-kwale, ba gudu, ba komai sai abin da hali ya yi. Ta tambaya yaya aka yi aka kai nan.

Momi ta fashe da kuka, kukan gaske, har kafaɗunta suna rawa. Dadi ya riƙe ta.

"Waya ce, likita," in ji shi. "Mun duba wayarta yanzu. Ba komai a ciki sai hotunan abinci. Kin san abin da yaran nan ke gani a intanet."

"Firjinmu a cike yake," in ji Momi. "Ban taɓa hana ta komai ba. Kullum sai ta ce ta ƙoshi."

Likitar ta dubi Delia. Delia ta dubi bargo. Likitar ta ce za ta dawo su yi magana su biyu, ta fita. Dadi ya sa wayar Delia a aljihunsa, ya ce daga yau an gama da wannan, ya bi bayan likitar don ya ji ko zuwa kaka za a iya komawa ruwa.

Momi ta fita ita ma da tata wayar. Ta ɗan jima. Da ta dawo ta wanke fuska, idanunta jajur, amma akwai wani haske a cikinsu. Ta jawo kujera ta kama hannun da ba allura.

"Kada ki damu, kin ji? Na yi magana da Misis Pruitt. Tana gaishe ki, har ta yi ƙwalla. Ta ce hutun nan bai tafi a banza ba. Kin san in za a nemi jami'a sai yaro ya rubuta labarin wata wahala da ya sha ya tsallake. Yaran unguwarmu nema suke yi ido rufe, ba su da ita. Ke ga taki, ga tsere kin ci, ga bidiyo. Ta ce hutun baɗi sai ki kafa ƙungiyar wayar da kan 'yammata masu ƙin cin abinci, ke ce shugaba. Duk ajinku ba mai irin wannan."

Na'urar da ke gefen gado tana ta ɗan kukanta a hankali. Delia ta daɗe tana kallon silin.

"Momi."

"Na'am, 'yar gidana."

"A cikin labarin, wa zan ce ya hana ni abinci?"

Momi ta saki hannun. Ta miƙe ta gyara bargon da ba abin da ya same shi, ta soke gefensa, ta shafa shi ya kwanta.

"Ba wanda ya hana ki, Delia. Kin taɓa jin na ce kada ki ci?"

Delia ta yi tunani, ta bi hutun tun daga farko har ƙarshe. Gaskiya ne. Ba ta taɓa ji ba.

"To kin gani. Ki ce kin yi fama, iyayenki suka tsaya miki. Misis Pruitt ta ce ba sa son yaro mai ƙorafi."

A gidan Vandermeer ba a taɓa ɗaga wa yarinya hannu ba, ba a taɓa ɗaga mata murya ba. Duk wanda ka tambaya a layin zai ce maka bai ga iyayen da suka ba da kansu ga 'yarsu kamar waɗannan ba, kullum da asuba suna hanyar kogi. Bidiyon tseren ya zagaya wayoyin unguwa, an yanke shi daidai inda Delia take sama kafin ta taɓa ruwa. Ba a kai ga sallamo ta daga asibiti ba, iyaye mata biyu suka kira Momi. Suka yi mata sannu, suka tambayi mai jiki, sannan suka ce don Allah ko za ta ba su lambar kocin nan, su ma nasu yaran ƙanana ne.